Gardama Cikin Ladabi

Duk ɗiyar da ta tashi a gidan Bahaushe mai tarbiyya akan koya mata darasi guda tun kafin ta san baƙi da wasali: idan babba yana magana ta sunkuyar da kai, idan ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba ta haɗiye. Wannan darasi ya yi mini rana a wurare da dama, kuma har gobe ina alfahari da shi. Wuri ɗaya ne kawai ya nemi ya zame mini tarnaƙi, wato ɗakin jarrabawar baka ta harshen Faransanci.

Jarrabawar ita ce DELF, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Faransa ta ƙirƙiro a 1985. Matakin da nake nema shi ne B2, wanda yawancin jami'o'in Faransa ke buƙata daga ɗalibin waje. Sassa huɗu gare ta: saurare, karatu, rubutu da magana, kowane da maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya gaza samun 5 a sashe ɗaya ya faɗi, ko da ya cinye sauran. A sashen magana, ɗalibi zai zaro gajerun rubuce-rubuce biyu ya zaɓi ɗaya, a ba shi minti 30 ya shirya, sannan ya zauna gaban masu jarrabawa na tsawon minti 20. Kusan minti bakwai na farko nasa ne, ya fito da matsalar da rubutun ya ƙunsa ya bayyana ra'ayinsa. Sauran lokacin kuwa muhawara ce: za su ƙalubalance shi, shi kuma ya kare abin da ya faɗa.

Gurbin karatun digiri na biyu da nake nema gasa ake yi a kansa, kuma kuɗin rajista mahaifiyata ce ta haɗa da ɗaukar adashi. Ba ni da damar zama sau biyu. A gwajin share fage na sami 20 a rubutu, 11 a magana.

Matsalar kashi biyu ce. Na farko na furuci ne, kuma shi ne mai sauƙi. Bahaushe ba ya raba p da f, don haka pain da faim, burodi da yunwa, sukan fito daga bakinsa da kama ɗaya. Ba mu da v, sai vin ya koma bain, giya ta zama wanka. Wasalin u na Faransanci, wanda ake furtawa da leɓe a zumɓure harshe kuma a gaba, babu shi a namu, ga shi kuwa shi ne ya raba dessus da dessous, sama da ƙasa. Waɗannan aikin tsoka ne. Kullum da asuba nakan saurari labaran minti goma da Rediyon Faransa, RFI, ke gabatarwa cikin sauƙaƙan Faransanci, ina bin mai karatu jimla bayan jimla, in naɗi muryata a waya in kwatanta. Hausa ma takan taimaka: mun saba da jinsin suna, ko da yake rana da muka sani mace can namiji ce, wata kuma mace; mun kuma saba da kiran babba da "ku", kamar yadda suke yi da vous.

Kashi na biyu ba ya gyaruwa da naɗar murya. Da zarar mai jarrabawa, mutum mai furfura, ya dube ni ya ce bai yarda da hujjata ba, sai idona ya nemi ƙasa, bakina ya ce "haka ne". A gidanmu wannan ladabi ne. A takardar maki kuwa sunansa rashin iya kare ra'ayi. Mai jarrabawar ba lalle ne ya yi imani da abin da yake faɗa ba. Aikinsa ne ya tura ginin ya ga ko zai tsaya. Na san wannan a kaina, amma jikina bai sani ba, domin shekara ashirin da 'yan kai ana koya masa akasin haka.

Maganin daga cikin al'adarmu ya fito. Mu mutanen Jibiya ne, kuma dangin mahaifiyata suna Maraɗi, inda makaranta take lakwal, malami kuma mushe. Ƙanen mahaifiyata tsohon mushe ne, 'yarsa kuwa taubashiyata ce. Tsakanin taubasai Bahaushe ya halatta abin da ya hana a wani wuri: zolaya, musu da ƙin yarda. Da ita na fara. Kowane dare mukan ɗauki batu guda ta waya, ko a hana ɗalibai riƙe salula a aji, ko aiki daga gida ya fi zuwa ofis, mu yi ta ja-in-ja da Faransanci. A nan na fara jin muryata tana cewa "a'a" cikin wannan harshe ba tare da rawa ba.

Bayan wata guda Kawu ya karɓi wayar. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Ɗiyata, duk daren da kika yarda da ni kin faɗi." Na ce, "Kawu, yaya zan yi musu da ku?" Ya ce in tuna yadda ɗalibi ke yi a zaure idan yana da ja a kan fassarar malaminsa. Ba ya yin shiru, ba ya kuma ɗaga murya, yakan ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne, sai dai a tawa 'yar fahimtar..." Ashe Faransanci ma yana da wannan ƙofa. Certes yana amsa wa mutum gaskiyarsa, cependant yana buɗe hanyar taka. Je dirais que yana sassauta magana kamar yadda "a ganina" ke yi. Tsarin da ake nema a B2, wato ka karɓi abin karɓa a maganar abokin muhawara, ka kawo hujjarka, ka ƙarfafa ta da misali, tsari ne da dattawanmu ke bi a zaman sulhu tun kafin Bature ya ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi.

Abu ɗaya ne ya zama dole in koya sabo fil, shi ne kallon ido. Kawu ya sa muka koma kiran bidiyo, ya ce in riƙa duban tsakanin girarsa har in saba. Mako uku aka yi kafin wuyana ya daina sunkuyawa da kansa.

Ranar jarrabawa batun da na zaro a kan rage kwanakin aiki a mako ne. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ta ce hujjata ba za ta yi aiki a asibiti ba. Na amsa mata cewa ta yi gaskiya game da asibiti, sannan na nuna mata cewa wannan togaciya ce da ba ta rushe ka'idar ba. Da sakamako ya fito, na sami 21 a magana.

A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Kawu ya yi murna, amma bai daina gyara mini furucin u ba. A wurinsa harshen aiki kamar fartanya ne, kuma babu manomin da ke alfahari da dakusasshiyar fartanya.

Kafin tafiyata na koyar da wasu 'yan mata huɗu masu shirin wannan jarrabawa. Nahawunsu ya fi nawa a lokacin da na fara, amma duk wadda na ƙalubalanta sai ta ja mayafi ta yi murmushi. Saboda haka darasinmu na farko da Hausa muka yi shi. Na faɗi wata magana da na san ba su yarda da ita ba, na ce kowacce ta musa mini ba tare da ta yi rashin kunya ba. Dukansu sun iya. Daga nan ne muka fara neman kalmomin Faransanci da za su ɗauki abin da suka riga suka faɗa.