Hanyar da Na Ce Na Sani

Ni bakaniken babur ne a Garuwa. Abin da zan faɗa ya faru a watan Janairu na shekarar 2009. Na taɓa ba da labarinsa a gaban dattawan ikkilisiyarmu, amma a gajarce, na kuwa tsallake wurin da ya fi ba ni kunya. Yanzu da furfura ta kama ni, na ga gara in faɗe shi duka.

A waɗannan shekaru, da zarar damina ta ɗauke, Turawa masu yawon duniya a kan babur sukan ratso ta garinmu. Waɗansu daga Nijeriya suke fitowa, waɗansu daga Cadi, suna nufin Ngawundare da ƙasashen kudu. Baburansu manya ne, BMW ko Honda Africa Twin, da akwatunan ƙarfe hagu da dama, in an ɗora kaya nauyin ɗaya yakan haura kilo 250. Mu a gareji mukan yi musu dariya a ɓoye. Mutum yana da gida da mota a ƙasarsu, ya zo ya sayi wahala da kuɗinsa! Mu kuwa da za a shimfiɗa mana kwalta har ƙofar kowane ƙauye, da mun yi sujadar godiya.

Wata rana biyu daga cikinsu suka kawo mini gyaran sarƙa. Jamusawa ne, ɗaya dogo mai fara'a, ɗaya gajere marar yawan magana, dukansu suna jin Faransanci. Rumsiki suke so su je, su ga duwatsun nan na ƙasar Kapsiki masu tsini kamar an kafa su da hannu. Hanya mai sauƙi ita ce a bi kwalta zuwa Mokolo, sa'an nan a yi burji wajen kilomita 50. Su kuwa ba sauƙi suka zo nema ba. Ta kudu suke so su hau, ta Gidar da Mayo Ulo da Durbai da Burha. Dogon ya shimfiɗa taswira a kan benci, ya nuna mini wani siririn layi wanda ya rabu da babban burji ya haye dutse, ya ce ko na san shi. Za su biya ni sefa 15,000 kowace rana in yi musu jagora.

Na ce na san shi kamar yunwar cikina.

Gaskiyar magana ita ce sau biyu ko uku na taɓa bin wannan hanya, ina yaro ɗan shekara goma, a ƙafa, a bayan mahaifina, lokacin da yake aikin bishara a waɗannan duwatsu. Shekara talatin ke nan. Da na gaya wa matata da dare, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, “Maigida, yaushe rabonka da wannan hanya?” Na ce dutse ba ya tashi daga inda yake. Ba ta ƙara cewa kome ba, ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a tsumma. Kuɗin makarantar yara yana kaina a watan nan, wannan gaskiya ne. Amma ba zan ɓoye a bayansa ba, gama abin da ya fi ja na shi ne in ga manyan baburan nan suna bin ƙurar ƙaramar Yamaha AG 100 tawa.

Muka tashi da asuba. Dutsen Tingilin yana hagunmu cikin hazo, muka wuce Pitowa da Figil, muka ratse zuwa Gidar, wajen kilomita 100 daga Garuwa. A nan muka cika tankuna da man kwalba da ake shigowa da shi daga Nijeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa, na tace musu shi da ƙyalle saboda datti. Daga Gidar sai burji da gargada. Lokacin sayen auduga ne, manyan motocin Sodecoton suna ta kai da kawowa, in ɗaya ta wuce sai ka tsaya ƙura ta lafa kafin ka ga gabanka. A busassun rafuka na koya musu abin da kowane ɗan acaɓa na ƙauye ya sani: a rage iskar taya, a miƙe tsaye a kan matakai, kada a saki mai a tsakiyar yashi. Gajeren ya faɗi sau biyu, muka taru mu uku muka ɗaga baburinsa. Dogon yana ta kirana malam. Kaina ya kumbura.

Wanda bai taɓa hawa duwatsun Mandara ba, da wuya ya gane irin ƙasar. Gonaki hawa-hawa ne, an tare ƙasa da jeren duwatsu tun daga gindin tsauni har ƙwanƙolinsa, aikin kakanni da jikoki. Gidaje kuwa a manne suke a tsakanin manyan duwatsu, sai ka zo dab da su kafin ka gan su. Ba don sha'awa mutane suka hau can ba. Mahaya dawakai masu kamun bayi suka guje wa, kuma ba a zamanin da can kaɗai ba: Hamman Yaji, hakimin Madagali, yana kai hari a waɗannan duwatsu har cikin shekarun 1920, sai a 1927 aka tuɓe shi. Saboda haka hanyoyin ƙafa na wurin an yi su ne domin su wahalar da doki. Abin da ya wahalar da doki kuwa ba zai ji tausayin taya ba.

Bayan Durbai muka bar burji, wajen ƙarfe biyu na rana. Da fari na gane wata kuka, na gane wani dutse mai kama da turmi, zuciyata ta kwanta. Sa'an nan muka iso inda hanya ta rabu biyu, ban kuwa tuna da wata mararraba a wurin ba. Ga wata mace zaune a gefe, ta sauke itacenta tana hutawa. Da na kashe inji na gaishe ta da Fillanci na tambaye ta, da ba a yi minti ɗaya ba. Amma Turawan suna bayana suna kallo. Na ɗaga mata hannu, na bi dama.

Hanyar ta yi ta ƙuntata, sa'an nan ta juya ta zama gangara, ruwan damina ya cinye tsakiyarta ya bar tsakuwa masu mirginawa. A irin wannan wuri giya ta ɗaya ake sawa, a taɓa birkin baya kaɗan kaɗan, a bar na gaba. Ni da ƙaramin babur na sauka ina dogara ƙafa. Da na waiga sai na ga tayar gaba ta dogon ta zame, baburin ya kwanta a kansa, suka gangaro tare har wani dutse ya tare su. Ƙarar da na ji ba ta ƙarfe ba ce. Ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye.

Babu layin waya a wurin. Rana ta yi sanyi, iskar hunturu ta soma busawa. Kafin mu gama janye baburin, mutane sun fito daga inda ban ga gida ba, maza da mata da yara. A cikinsu akwai wani siririn mutum da tsohuwar kwat, shi ne mai bisharar ƙauyen. Ya dubi gangarar, ya dube ni, ya ce da Fillanci, “Ɗan'uwa, wa ya biyo da ku nan? Ko jaki ya daina bin wannan hanya shekara uku ke nan. Ta hagu ake bi.”

Gajeren ya tambaye ni me ya ce. Ga wurin da na tsallake a gaban dattawa. Na ce masa, “Ya ce ruwan bana ne ya ɓata hanyar, ba wanda ya sani.”

Aka kira wani tsoho maɗori, mai bin addinin kakanninsa, shi da mai bishara suka durƙusa tare, ɗaya yana riƙe ɗaya yana ɗaurewa, suka tallafe ƙafar da karan dawa da tsummokin zane. Aka ciro ƙyauren majami'a aka ɗora shi a kai, samari shida suka haura da shi. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta laka da jinka, kujerunta ma na laka ne. Mata suka kawo kunu da wuta a kasko. Mai bishara ya yi addu'a da harshensu, sa'an nan ya fito da baburinsa, ɗan Caina, wanda aka ɗaure fitilarsa da robar tayar keke, ya gangara cikin duhu ta hanyar hagu domin ya tsayar da motar auduga kafin ta tashi da asuba. Bai tambayi ko nawa za a ba shi ba.

Daren nan ban iya addu'a ba. Nakan buɗe baki sai in ji nishin dogon. Mahaifina ne ya yi ta zuwa mini a rai. Ko da yake mu ba 'yan Katolika ba ne, yakan yi maganar Baba Simon da girmamawa, fada ɗin nan da ya zauna a Tokombere tun 1959 yana yawo a duwatsu ba takalmi, har ya rasu a 1975. Mahaifina ma a ƙafa ya yi nasa aikin, yana kuwa da wata ɗabi'a da take ba ni haushi ina yaro. Duk mararrabar da muka iso sai ya tsaya, ya gai da wanda ya tarar, ya tambayi hanya, ko da jiya muka bi ta. Ni a ganina rashin wayo ne. A daren nan ne na tuna yawan gidajen da muka sha ruwa a cikinsu ta dalilin wannan tambaya, da yawan waɗanda daga baya suka zo suka zauna a ƙarƙashin itace suna jin karatunsa.

Da zakara ya yi cara na fita na sami gajeren zaune a kan dutse, ya lulluɓa da bargo. Na gaya masa duka: shekara talatin, da macen mai itace, da abin da mai bishara ya faɗa na juya shi. Na yi tsammani zai yi faɗa, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon kwari, sa'an nan ya ce, “Me ya hana ka tambaye ta?” Ba ni da amsa. Ya shiga ya ɗauko kuɗin kwana biyu ya ajiye a kan dutsen, bai miƙa mini a hannu ba.

Motar auduga ta kai dogon Gidar, daga nan aka wuce da shi asibiti a Garuwa, bayan kwana huɗu jirgi ya tafi da shi gida. Da na je gaishe shi na roƙi gafara, ya yi dariya ya ce ai shi ya nuna layin a taswira. Gajeren yana tsaye bakin taga, bai juyo ba. Har suka tafi bai sāke yi mini magana ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Rumsiki dai ba su gan ta ba.

A watan Fabrairu na 2013 'yan Boko Haram suka sace wani iyali na Faransawa, mutum bakwai, kusa da Dabanga, a watan Nuwamba kuma suka ɗauke wani fada Bafaranshe a yankin Koza. Daga nan manyan baburan suka daina zuwa garejina. Na mai bishara ne bai daina ba. Kowace shekara bayan an sayar da auduga yakan gangaro da shi, in canja masa sarƙa da takalmin birki, ba na karɓar kuɗinsa. Na taɓa gaya masa yadda na juya maganarsa a ranar nan. Ya ce ai ya gane tun a lokacin, gama ya ga fuskata. Sa'an nan ya ce in duba masa fitilar, robar ta sāke tsinkewa.