Ranar da na kai kuɗin asusu bakin teku

Ƴan uwa mata, wannan ya faru kafin a rufe iyaka ta Gaya a 2023. Mu uku ƙungiya ta tura Kwatano saro atamfa da kayan roba a kasuwar Dantokpa: ni, da magatakardarmu, da wata yayarmu da ta girme mu duka. Mun gama sayayya, saura jika 60 na kuɗin mota da dako, suna cikin lalita a ƙuguna. Motarmu sai jibi. Sai magatakarda ta ce tun tana lakwal take jin labarin teku, yau sai ta gani da idonta.

Munka ɗauki taksi zuwa Wida, kamar kilomita 40. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa akwai hanya ta jar ƙasa, wajen kilomita 4, munka taka da ƙafa. Ta nan ake koro bayi a da zuwa jiragen ruwa, har da Hausawa da anka kai Barazil. A ƙarshenta akwai wata babbar ƙofa da anka gina a 1995, ana ce mata ƙofar da ba a komowa. Yaya ta tsaya ta yi musu addu'a, mu ma munka shafa.

Teku kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwa har inda ido ya ƙare, ga ruri ba fashi. Na sa ƙafa kaɗan, rairayi ya zame ƙarƙashina, na dafe ƙugu na ruga. Dariya har da hawaye.

A komowa munka ratsa ƙauyen Jegbaji, inda mata ke yin gishiri. Suna kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tace, su dafa shi kan wuta har ya ƙafe. Kamar dai yadda ake yi a Fogha can wajen Gaya. Hayaƙi ya rina musu ido, ga goyo a baya. Ba mu jin yarensu, da yatsu da ɗan faransancin magatakarda munka yi ciniki. Na sayi gishiri da kwakwa na jika ɗaya da rabi, daga kuɗina.

Nan ne yaya ta ja ni gefe. Ta ce: «Ƙanwata, ara mini jika 10 cikin na wurinki, gishirin nan zai yi riba a gida, ranar zubi in maida.»

Wallahi na ji nauyi. Matar da ta yi mini wankan jego ce. Amma akwatinmu makulli uku gare shi, kuma ba a fidda bashi sai gaban kowa, a rubuta a kaye. Na ce: «Yaya, ki yi haƙuri, kuɗin mata 25 ne, ba ni da bakin ba da su a kan hanya.» Na kwance bakin zane na ba ta jika 2 da sunka rage mini.

Ta karɓa ba ta ce komi ba. Har munka koma masauki ba ta yi mini magana ba, washegari ma haka. Sai bayan mun ƙetare gadar Malanbil ta ɓare goro ta miƙo mini rabi.