Bolori: Unguwar Da Ake Gardama Kan Tsohon Turare

Duk wanda ya bi hanyar Baga a birnin Maiduguri, hancinsa ne zai gaya masa inda ya iso tun kafin ya tambayi kowa. Daga wajen kasuwar kifi iska takan kwaso ƙaurin banda, irin wadda ake saukewa daga bakin Tafkin Chadi. Amma da zarar ya ratse ya shiga lungunan Bolori, musamman bayan sallar La'asar, sai wani abu dabam ya tarye shi. Siririn hayaƙi ne yake biyo zaure ya fito har gindin darbejiyar ƙofar gida, alamar matan gidan sun zuba garwashi a kasko, sun kifa kabbasa, suna turara tufafin maigida.

Bolori unguwa ce babba, har an raba ta mazaɓa biyu a cikin ƙaramar hukumar birnin. Barebari da Larabawan Shuwa da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilun Barno duk suna zaune a cikinta. Ta sha wuya a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a cikin gari, mutane da yawa suka bar gidajensu, daga baya kuma ita ce ta sauki ɗimbin 'yan gudun hijira daga ƙauyuka. Duk da haka ba a daina kunna kasko ba.

Wannan sana'a ta ƙamshi ta girmi birnin kansa, domin sai a shekarar 1907 ne Shehu Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa. Ta nan hanyar alhazan ƙasa ta bi, waɗanda kan keta Chadi ta Abeshe, su faɗa Darfur, su wuce har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya, in sun dawo kuwa ba tsarabar dabino da zamzam kaɗai suke kawowa ba. Humrar da matan Barno suka yi suna da ita 'yar'uwar ta matan Sudan ce, har sunan ma ɗaya ne. Shi ma turaren nan Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fito da shi a shekarar 1920, ya sami karɓuwa a ƙasashen nan ne saboda mai ne zalla, babu barasa a cikinsa.

To, a irin wannan wuri da kowa ya san ƙamshi, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu sayarwa da masu haɗawa. Idan Allah Ya hore wa mutum 'yar kwalbar tsohon man udu ko na sandal, wanda ya kwana shekaru a rufe, shin shafa shi zai yi zalla, ko kuwa ya ba matan gida su zuba a humra?

Kafin mai karatu ya yanke hukunci, ya kamata ya san abin da ake magana a kai. Itacen udu ba ya tsirowa a ƙasarmu. Daga dazuzzukan Asam na Indiya, da Kambodiya, da Biyetnam, da Indunusiya ake samo shi. Abin mamaki shi ne lafiyayyen itacen fari ne, marar nauyi, ba shi da wani ƙamshin kirki. Sai ya ji rauni, wata irin fumfuna ta shige shi, sa'an nan ya riƙa fid da baƙin ƙaro don ya kare kansa. Wannan ƙaro da ya jiƙa zuciyar itacen shekara da shekaru, shi ne udu. Saboda yawan sara, a shekarar 1995 aka sa babban nau'insa cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa cinikinsu takunkumi. Da ma'aunin Indiya ake sayar da mansa, watau tola, wadda ba ta cika giram 12 ba. Shi kuwa sandal, wanda ya fi suna shi ne na Maisur a kudancin Indiya, inda Sarki Tipu ya mai da shi itacen sarauta tun 1792. Yanzu har a arewacin Ostareliya ana noma shi a gonaki.

Duka biyun suna da hali ɗaya: sabon mai yana da kaifi, yana hawa kai. In aka toshe kwalba aka ajiye ta a inuwa, nesa da rana, sai kaifin ya kwanta, man ya yi kauri, ƙamshin ya yi zurfi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe. Har a can Jamaika da Barbados ma akwai irin wannan magana game da wata giya da suke yi da ruwan rake, mai suna rum, wadda suke ajiyewa shekaru a gangar katako. Mashayanta sukan ce tsohuwa kurɓarta ake yi zalla, sabuwa ce ake gaurayawa da lemo. Mutanen Bolori babu ruwansu da giya, amma da za su ji wannan gardama da sun gane ta nan take.

Masu cewa a shafa zalla, galibinsu maza ne: attajirai, da malamai, da alhazan da suka saba da kasuwannin Makka. Hujjarsu ita ce tsohon udu ba ƙamshi ɗaya ne da shi ba. Na Indiya musamman, da farko yakan zo da wani wari mai kama da na fata ko na garke, har wanda bai sani ba ya yamutsa fuska. Bayan ɗan lokaci sai ya juye ya yi zaƙi, can kuma ya koma ƙamshin itace mai sanyi wanda zai kwana a wuyan riga. Wannan sauyawa ita aka saya da tsada. Ɗigo ɗaya a gemu da bayan hannu ranar Juma'a ya wadatar, tola guda kuwa sai ta shekara ba ta ƙare ba.

Matan da suka gaji haɗin humra daga iyayensu ba su yarda da wannan duka ba. Aikinsu ba ƙarami ba ne. Za su sami farce, watau murfin wani dodon-koɗi na teku, su jiƙa shi, su kankare, su wanke har ƙarnin ya fita, sa'an nan su soya shi su daka. Za su haɗa da garin sandal, da mahalab, da kanumfari, da almiski, su zuba madarar turare iri-iri, su toshe kwalba su ajiye. Ita ma humra kwana take so. Wadda aka haɗa jiya ba a kai ta ɗakin amarya, sai ta yi makonni ko watanni tana tsumuwa. Abin da suke cewa shi ne, humrar da aka gina a kan turaren araha takan yi daɗi a makon farko, amma kafin a je ko'ina ta saki, ko ma ta juya ta yi tsami. Mai nagari shi ke riƙe sauran, kamar yadda ginshiƙi ke riƙe soro.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ba a wuri ɗaya ba. Wanda ya juye tolar tsohon udu cikin baƙar humra ya yi ɓarna, domin farce da kanumfari ba su da kunya, sukan danne duk abin da suka tarar, kuma sauyawar nan da aka biya kuɗi dominta ba wanda zai ƙara jin ta. Sandal kuwa mai haƙuri ne, yana zama da kowa, shi ya sa matsakaicin sandal mai kyau ya fi dacewa da haɗi. In za a sa udu, to ɗigo biyu ko uku ne, kuma ba lalle sai wanda ya fi tsufa ba. Haka abin yake a kasko. Turaren wuta ana yinsa da itatuwa irin su hawi da gabgab, waɗanda ke shan turare, a narka sukari a juya su a ciki don ya riƙe ƙamshin. Amma ɓawon udu na ainihi ba ya bukatar sukari. Shi kaɗai ake ɗora shi a kan garwashin da toka ta rufe, ya riƙa tsattsafo da ƙaronsa a hankali. Wanda ya dulmuya shi a sukari, ƙaurin sukarin zai shaƙa.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ta 'yan gayu ce kawai. A Barno turaren da amarya za ta tare da shi mutuncin gidansu ne. Dangin ango mata in sun shiga ɗaki, hancinsu yakan riga idonsu bincike, kuma humrar da ta juya bayan wata uku za a daɗe ana tuna uwar da ta aiko da ita. Shi ya sa uwar amarya kan fara shiri tun da sauran watanni, wani lokaci da kuɗin da ta daɗe tana tarawa a adashi.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne masifu biyu da suka auka wa birnin a jere. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Monde, wadda ita ce uwar kasuwannin Maiduguri. Ba a gama farfaɗowa ba, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa har da kasuwar. Mai atamfa in ya sami jari zai iya sake cika rumfarsa cikin mako guda. Mai tsohon turare kuwa, shekarun da kwalabensa suka yi a rufe ba a sayo su a Kano ko Dubai. Inda tsoho ya yi ƙaranci, nan ne sabo kan ari sunansa: a tsinka mai da wani man da ba shi da ƙamshi, ko a rina farin itace a jiƙa shi da turare a ce udu ne.

Masu ido a Bolori suna da hanyoyinsu na ganewa. Ɓawon da ya ƙoshi da ƙaro yana da nauyi, mafi daraja ma in an jefa shi a ruwa nutsewa yake yi. A kan garwashi na ainihi yakan tafasa yana kumfa, na jabu kuwa ƙamshinsa ya tashi gaba ɗaya, ya bar hayaƙin itace mai yaji a ido. Game da mai kuma, ba a yanke ciniki a tsaye. Mai saye yakan karɓi ɗigo a bayan hannu, ya sallami mai kaya, ya koma inuwar darbejiya ya ci gaba da hirarsa. Yakan sunsuna bayan La'asar, ya sake sunsunawa da Magariba. In da Isha'i hannun yana nan da ƙamshinsa, kuma ba irin na farko ba ne, da safe sai ya aika yaro ya kira mai turaren.