Tsakanin Kuɗin Cefane da Kuɗin Mota

Yau labarin cikin gidana zan ba ku. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi, to amma na san akwai matasa da yawa a cikinku waɗanda suka yi aure kwanan nan, ko suke shirin yi, kuma mai yiwuwa abin da ya same ni ya zama izina gare su.

Kowa ya san halin da aka shiga tun ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta kai naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, alhali a ƙarshen wannan shekarar kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce wannan adadi.

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a cikin Kano, albashina a lokacin naira 75,000. Allah Ya rufa mini asiri ba na biyan haya, domin a gidan gado nake zaune, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu. Kafin in isa makaranta sai na hau A Daidaita Sahu sau biyu, haka ma dawowa, kowane hawa naira 300. Wato 1,200 a rana, 26,400 a kwanakin aiki 22, fiye da kashi ɗaya bisa uku na albashin ke nan. Ban taɓa zama na yi wannan lissafi ba. Kullum da safe sai in zari kuɗin mota, abin da ya ragu a aljihu in miƙa na cefane, in fita ina ganin na sauke nauyi.

Akwai wani bambanci tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu wanda ban lura da shi ba. Kuɗin mota ba ya karɓar ragi. Idan ba ka cika shi ba, direba zai wuce ya bar ka a bakin titi. Kuɗin cefane kuwa yana da haƙuri: a ƙara wa miya ruwa, a rage mai, a cire nama, tukunya ba za ta yi ƙara ba. Saboda haka duk ƙarin da aka yi a titi, tukunyar gida ce ke biyansa a ɓoye.

Wani dare bayan sallar Isha'i aka kawo mini tuwo, na ce wa maiɗakina ta matso mu ci. Ta ce, "Ci abinka, Malam, ni na riga na ci." Sai 'yarmu mai shekara biyar ta ce, "Baba, ba ta ci ba. Jiya ma ruwa ta sha ta kwanta." Wallahi lomar da ke hannuna ban san yadda na ajiye ta ba. Na matsa mata da tambaya, da ƙyar ta ce ta ga yadda nake fama, ba ta so ta ƙara mini damuwa. Kuma a lokacin shayarwa take yi.

A makon nan kuma na kira mahaifiyata da ke ƙauyenmu, gaba da Bichi. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta ambatar sunana. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Ɗan nan, lafiya dai ko? Wata uku ke nan." Ba ta ƙara komai ba. Sai na gane cewa matsin nan mutum biyu ya fi ci, kuma su ne waɗanda kunya ba za ta bar su su yi mini ƙorafi ba.

Washegari muka zauna ni da maiɗakina da littafi da biro. Karon farko ke nan da na faɗa mata ainihin albashina. Muka rubuta duk abin da ke fita, har ruwan leda da shayin da nake sha a bakin makaranta da kuɗin data. Ita ce ta nuna mini cewa awon kullum a shagon unguwa, gwangwani biyu yau, gwangwani uku gobe, ya fi sayen kwano tsada nesa ba kusa ba, ga bashin mai shago da ke cinye kan albashi tun kafin ya shigo.

Muka tsayar da abubuwa uku. Na farko, ranar da albashi ya shigo za a fara ware na abinci a damƙa mata, sannan na mota, kowanne a ambulan ɗinsa. Na biyu, na daina hawan farko da na ƙarshe. Ina fita da wuri in taka kimanin minti 25 zuwa babban titi. Wannan kaɗai ya dawo mana da naira 13,200 a wata, daga ciki muka ware kuɗin zuwa gaida Inna sau ɗaya a wata, ya zama wajibi kamar gishiri. Na uku, ni da abokan aikina huɗu muka shiga adashi, da kaka ta yi muka je kasuwar Dawanau muka sayi masara da gero da wake muka raba. Waken muka zuba a jarka muka toshe bakinta sosai, domin idan iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa a ciki. Duk wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ya san cewa tanadin hatsi a lokacin yalwa ba ya cin karo da tawakkali.

Har yanzu akwai watan da ke fin ƙarfinmu, musamman idan rashin lafiya ta gitta, ko damina ta hana ni takawa. Farashin hatsi ya ɗan sauko a 2025, mun gode wa Allah, amma littafin nan ba mu ajiye shi ba. Kuma na ɗauki al'adar ba na sa hannu a kwano da dare sai ta zauna mun ci tare.

Ɗan uwa, idan an ce maka "na ci" a gida, ka bincika. Ciyar da iyali haƙƙi ne da za a tambaye ka a kansa, kuma mai kawaici ba zai tuna maka ba. Allah Ya yalwata mana arziƙi na halal, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da muke samu, Ya saka wa iyayenmu da matanmu da alheri, amin.