Dutsen Kwatarkwashi da Zancen Babban Masauki

'Yan'uwana mata, wadda duk ta bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ta san Dutsen Kwatarkwashi. Tun daga nesa a ke hango shi, baƙi ƙirin, garin na kwance a gindinsa cikin ƙasar Bungudu. Baƙo ba ya wucewa bai ɗaga kai ba. Shi ya sa za ki ji waɗansu suna cewa da ma a gina ƙaton hotal a wurin, irin na ƙasashen waje. To, kafin a aza tubali, bari mu duba abin da ya sami waɗansu.

A Kalaba an gina Tinapa, watau wurin shaƙatawa mai hotal da manyan kantuna, har da shirin gidan caca. An buɗe shi a 2007, zamanin Gwamna Donald Duke. Amma an gama gini ba a gama shiri ba, gama ba a daidaita da ma'aikatan kwastan a kan shigo da kaya ba haraji ba. Aka yi ta jira, kantuna suka zauna wayam, bashi ya taru. A Kaduna kuwa, Hotal Durbar da aka gina sabo da bikin FESTAC na 1977 ya shekara da shekaru a kulle ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a 2020.

Mu nan Zamfara zancen caca ma bai taso ba, tun da aka fara aiki da Shari'a a 2000. Abin da baƙo ya ke bukata shi ne hanya mai lafiya, wadda ba ya tsoron 'yan bindiga, da ruwan sha, da ɗaki mai tsabta. In babu waɗannan, ko bene goma aka yi, jemagu ne za su kwana ciki.

Kada ki ce ba ruwanki. Kuɗin da ya nutse a ginin da ba a ƙare ba, kuɗin asibitin haihuwa ne da makarantar 'ya'yanki. Ƙaramin masauki kuwa, in an gama shi, mai fura da mai ƙosai da mai saƙar tabarma duk za su sami ciniki. In aka zo da zancen, ki tambayi maigida: an yi hanya? An kawo ruwa? Wa zai biya?

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.