Tafiyarmu Zuwa Yankari: Ido Ya Ƙoshi, Ciki Ya Kwana Da Yunwa

A wannan mako zan ba ku labarin wata tafiya da muka yi zuwa Yankari a ƙarshen watan Disamba, ni da wata abokiyar aikina da 'yan mata 18 na makarantar da nake koyarwa. Akwai daɗi a cikin labarin, akwai kuma abin takaici, ba zan ɓoye muku ko ɗaya ba.

Tun muna kwalejin horon malamai ake gaya mana cewa darasin labarin ƙasa ba ya zama a kan yaro sai ya taka ƙasar da ƙafarsa. Saboda haka da na kama aiki sai na ƙudura a raina lalle in kai 'yan ajina su ga namun dajin da suke gani a littafi. Wata huɗu yaran nan suka yi suna zuba adashi, wata daga kuɗin kitso, wata daga ɗinkin hula, iyaye kuma suka cika sauran. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu komo kansa.

Gandun dajin Yankari yana cikin Jihar Bauchi, a ƙasar Alkaleri, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A shekarar 1956 aka keɓe shi don kiyaye namun daji, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da shi. In kin fito daga Bauchi sai ki bi hanyar Gombe har Dindima, inda ake ƙetare kogin Gongola, daga nan a ratse zuwa Mainamaji, watau ƙofar shiga. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai kimanin kilomita 40, daji ne tsantsa hagu da dama.

Muna isa aka haɗa mu da ɗan jagora, muka nufi bakin kogin Gaji, inda dabbobi kan taru shan ruwa. Mun ga gwambaza da mazo da gadu, mun hangi garken ɓauna daga nesa, ga kada kwance yana shan hantsi kamar gungumen itace. Tsuntsaye kuwa ba a magana, irinsu ya fi 350 a dajin nan. Giwa ce ba mu gani ba, sai sawunta da kashinta, amma sawun kaɗai ya ishi yaran surutu, domin wata ta sa ƙafafunta biyu a ciki bai cika ba. Ɗan jagora ya ce mana ciyawa ba ta gama faɗuwa ba tukuna, wanda ke son ganin dabba sosai gara ya zo daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya janye ko'ina sai a Gaji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau kamar madubi, har kina iya ganin farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Ga hunturu yana busawa leɓe na tsagewa, amma yaran suka tsoma ƙafafu suka ce sai ka ce an sirka musu ruwan wanka. Lalle gani ya kori ji. A nan ne kuma wani ƙaton gwaggon biri ya yi wuf ya fizge jakar burodinmu, ya hau bishiya yana ci yana kallonmu. Muka yi ta dariya, ba mu san dariyar za ta koma ciki ba.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kuɗinmu bai kai mu kwana a cikin gandun ba, sai na nemi masauki a wani otal da ke wani gari can waje, a kan hanyarmu ta komawa, irin waɗanda kan kafa allo suna kiran baƙin da suka zo kallon daji. Ba zan kama sunansa ba, domin gyara nake nema, ba tonon asiri ba. Mako guda kafin mu taso na yi waya da manajan, na gaya masa mu 21 ne har da direba, ya ce, "Ba komai, Malama, abinci sai kun ture." A kan maganarsa na ce wa iyayen yara kada su wahalar da kansu da guzuri mai yawa. Wannan kuskurena ne, na kuwa amsa shi.

Mun shiga ɗakin cin abinci bayan magariba. Ba wanda ya ce mana sannu. Wani saurayi yana zaune yana latsa wayarsa, sai da na yi sallama sau biyu ya ɗago kai. Mayafin tebur duk jirwayen manja, ga ƙudaje sun kwanta a kai. Ya miƙo mana takardar abinci mai sunaye fiye da ashirin, galibi na Turawa, amma duk wanda muka nuna sai ya ce ya ƙare. Na ce, "Samari, to me ya rage?" Ya ce shinkafa da kaza. Muka ce a kawo.

Tun ƙarfe bakwai muke zaune har tara ta gota. Sau uku ina roƙon ruwan wanke hannu. Ƙananan cikin yaran suka fara gyangyaɗi a kan tebur. Da abincin ya iso, shinkafar ta yi sanyi ta dunƙule, tana ɗan tsami. Miyar ruwa ce da mai da barkono, ba ta ji albasa ba balle daddawa. Kazar kuwa waje ya ƙone, amma da na tsaga cinya sai ga jini a jikin ƙashi. Nan da nan na hana kowa taɓa naman. Cokula ma ba su kai ba, sai wata ta gama ta miƙa wa wata. Na ce a kira mini manaja. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama, kuku ya tafi gida tun la'asar." Ashe shinkafar rana aka ɗumama mana, ɗumamen ma bai ratsa ta ba.

Daɗin daɗawa, da aka kawo takardar kuɗi sai ga lemon kwalba 21 a ciki, alhali kuwa ruwa kaɗai muka sha. Wata yarinya 'yar aji biyu ce ta gano, ta ce, "Malama, wannan lissafi bai faɗa daidai ba." Aka soke. Ƙannena, kun ji amfanin lissafin da kuke gudu. Duk da haka kuɗin faranti ɗaya ya ishi ƙaramin gida cefanen yini guda. Da na tuna kitso nawa aka yi, hula nawa aka ɗinka kafin a tara kuɗin nan, sai hawaye ya cika mini ido.

Cikin dare biyu daga cikin yaran da yunwa ta sa suka cinye shinkafarsu suka tashi da gudawa. Direbanmu, Allah ya saka masa da alheri, ya je wurin mai shayi ya samo tafasasshen ruwa da sukari da gishiri. Muka haɗa musu ruwan gishiri da sukari kamar yadda aka koya mana a darasin kiwon lafiya: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Suka yi ta kurɓa kaɗan kaɗan, kafin asuba suka sami sauƙi. Ni dai ban runtsa ba, domin 'ya'yan mutane amana ne.

Da safe muka kama hanya ba mu ko waiwayi ɗakin abincin ba. A wani ƙauye muka tsaya wurin wata dattijuwa mai tuyar masa. Tun kafin mu sauka ta ce, "Maraba da 'ya'yana, sannunku da hanya!" Ta sa jikarta ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo buta da sabulu. Ƙullunta a rufe da faifai, masar kuwa daga tanda sai kwano, ga miyar taushe tana tururi. Na ce, "Inna, a bar waɗannan biyu da koko kawai, cikinsu ba daɗi." Ta dama musu da hannunta, ta ƙi karɓar kuɗinsa. Kowa ya ƙoshi har da gyara, abin da muka biya kuwa bai kai rubu'in na jiya ba. Ba banza ake yabon masar Bauchi ba. Inna ba ta da firiji, ba ta da takardar abinci, amma ta san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

To, 'yan'uwa, ga abin da na koyo. In za ku yi irin wannan tafiya, kada ku dogara da alkawarin waya, ku riƙe guzurin da ba ya lalacewa, kamar dambun nama da cincin da ƙuliƙuli da soyayyiyar gyaɗa, ku rufe shi cikin mota saboda birai. Ku tambayi abin da ke akwai da kuɗinsa tun kafin ku zauna. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba bisa wuta ba, ba kuma cikin firiji ba, abin tsoro ne, shinkafa musamman. In za a ɗumama, a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje. Kaza kuwa sai an ga ba jini a ƙashi. Wannan doka ce ta otal, ita ce kuma ta madafinki, uwargida.

Masu otal da ke kewayen wuraren shaƙatawa kuma ina roƙonku, ku rage dogon jerin sunayen da ba ku iya cikawa. Tuwon shinkafa da miyar taushe mai zafi, da fura da nono mai tsabta, sun fi abincin Turawa ashirin da babu su. Ku koya wa yaranku gaisuwa. Baƙon da ya sha wuya a wurinku ba zai ce otal kaza ne ya ɓata masa rai ba, cewa zai yi ƙasar ce haka, ya kuma hana goma zuwa.

Kada labarin nan ya hana ku kai 'ya'yanku mata su ga ƙasarsu. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Yaran nan har yanzu zancen sawun giwa suke yi, sun kuma soma sabon adashi don mu koma cikin Maris. Wannan karon iyaye sun ce su ne za su ɗaure guzurin, ni kuwa ban yi musu ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Malamar Makaranta