Akwatin da Ke Ajiye Murya

Mutanen da suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A zamaninsu kuwa sun yi gaskiya, gama murya iska ce, da ta bar baki sai ta watse. Amma a shekarar 1877 wani mutumin Amurka mai suna Thomas Edison ya ƙago na'urar da ke kama magana ta maimaita. Tun daga ran nan masu hikima ba su huta ba.

Ga yadda abin yake. Kowa ya san fatar kalangu, in an buga ta sai ta yi rawa, rawar nan ita ce ƙara. To, cikin makirufo akwai wani ɗan faifai siriri kamar fatar nan. In mutum ya yi magana sai ya motsa, motsin ya zama lantarki. Lantarkin nan shi ake ƙara wa ƙarfi a tura cikin lasifika, har na bayan sahu a masallacin Juma'a ya ji liman sosai. Shi ne kuma gidan rediyo ke watsawa a iska, shi ake ajiyewa.

Ni a rayuwata na ga ma'aji iri uku. Na fari garmaho ne, wanda ake wana shi da hannu, allura na bin faifai. Ƙaramin faifansa ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a fuska guda, in ya faɗi kuwa ya fashe. Sa'an nan kaset ya zo, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963. Da shi manomi ya sami ikon ɗaukar magana da kansa, ya sayi rakoda da kuɗin auduga. Yanzu kuwa murya ta koma lambobi cikin kwamfuta, ana kwafarta sau dubu ba ta dushe ba, wayar aljihu ma tana yin aikin.

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi mun ci moriyar wannan abu. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, labarin duniya ya iske mu har gona. Ku dubi kuma Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya zauna a Funtuwa. Ba ya rubuta waƙa, nan take yake yin ta. Ya rasu a 1999, amma yaron da aka haifa bayansa ya san muryarsa. Da ba a kai makirufo bakinsa ba, da sai dai labari.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Wani maƙwabcina ya gaji kwali cike da kaset na mahaifinsa. Muka zauna za mu saurara. Waɗansu zafi da laima sun cinye su, zaren ya manne. Waɗanda suka yi magana kuwa, muka ji wani tsoho yana ba da tarihin gonakin gidan da iyakokinsu, amma ba wanda ya san ko wane ne, balle yaushe ya faɗa, domin ba a rubuta kome a jikin kaset ɗin ba. Shekara ta kewayo rigimar gona ta tashi, muryar nan ba ta amfane su ba.

Saboda haka, 'yan'uwana da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, ga aikinku. Na'ura tana riƙe murya, amma ba ta san mai ita ba, alƙalami ne ya sani. Ku nemi tsofaffin kaset a juye su cikin waya ko kwamfuta tun ba su lalace ba. Ku zauna da dattawa wurin da ba hayaniya, ku matso da waya kusa da bakinsu, su faɗi asalin gari da dabarun noma da waƙoƙin gayya. Kana ku rubuta sunan mai magana da garinsu da kwanan wata, ku ajiye kwafi biyu a gida biyu.

Kada ku ce sai bayan kaka. Tsoho ba ya jiran kaka. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.